Shayin yara a ɗarin bana: wanzamin gida ko likita?

Uwar Maza: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, kuma lokaci ya matse ni. Yarana maza biyu, babban shekara 8, ƙaramin 6, har yanzu ba a yi musu shayi ba. Kakarsu ta wajen uba ta aiko daga ƙauyensu, can bayan Tibiri, wai da an ba da hutun lakwal na ƙarshen Disamba a kai mata su, za a haɗa su da 'ya'yan dangi wanzamin gidan shi yi musu tare, kamar yadda anka yi wa ubansu. Maigida yana Agadas, ya ce mini ta waya in yi abin da Inna ta ce. Abin da ke hana ni barci shi ne ƙaramin yana da sikila, SS, kuma kowane ɗari sai ciwon ya tashi, bara ma sai da munka kwana likita ana mishi ƙarin ruwa. Hutun kuma bai wuce sati biyu ba. Don Allah wanda ya taɓa yi wa mai sikila shayi, ina anka yi mishi, wane awo anka yi kafin nan, nawa ya kashe? In raba su, ko in jira?

Ɗan Bagalam: Wa alaikis salam. Hajiya ki kai su kawai, kar ki tsaya dogon tunani. Ɗari shi ne lokacin shayi tun kaka da kakanni: ba zufa, ƙuda sun ragu, hatsi na cikin rumbu, yaro shi ci shi ƙoshi shi warke. Nawa uku duk wanzami ya yi musu, jika 2 kowane, da zakara da sabulu. Kwana goma suna ƙwallo a layi.

Maman Ikram: Ni kam asibitin kuɗi na kai nawa, nan unguwar Zariya ta Maradi. An yi masa allurar kashe zafi, yana kallon waya har aka gama ɗinki. Bai yi kuka ba sai da yamma da allurar ta sake shi. Jika 15 har da magani.

Mai Adaidaita: Jika 15 don a yanke 'yar fata? Madan an sha ki. Likitar gwamnati jika 4 na biya. Ba ki ji ba tun Satumbar 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi?

Maman Ikram: Kuɗin aiki aka rage, Malam, ba takardar magani ba. Kai ka je farmasi da ita ka ga ko su ma sun raba biyu.

Ɗan Bagalam: Jika 4 ko 15, duk sun fi 2 dai.

Yayar Marayu: Ban so in yi magana ba, amma da na ga ana cewa “ki kai su kawai” sai jikina ya ɗau rawa. Ɗan ƙanwata, shekararsa bakwai, haka aka kai shi ƙauyen ubansa a irin wannan lokaci. Su tara aka jera a bayan gida da sassafe. Takwas jini ya tsaya musu kafin hantsi. Shi nasa bai tsaya ba. Aka barbaɗa garin bagaruwa, ya jiƙe. Aka ƙara, aka ɗaure da tsumma, shi ma ya jiƙe. Uwar na cikin gida, ba a bari ta leƙa ba, wai mace ba ta shiga wurin 'yan shayi, kuma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi balle ta nuna damuwa gaban surukai. Duk wanda ya fito sai ya ce mata da sauƙi.

Sai bayan la'asar wata tsohuwa ta raɗa mata cewa ta je ta ga ɗanta. Ta same shi kwance kan tabarma, tafin hannunsa fari fat, leɓɓansa sun bushe, ba ya ko kuka, ruwa kawai yake roƙo. Tsummokaran da aka canza suna tare cikin wani tsohon kwano a gefe. Babur ɗaya ne a garin, mai shi ya tafi kasuwa. A amalanke aka ɗauko shi zuwa bakin kwalta. Kafin su shigo Maradi rai ya yi halinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, a wurin zaman makoki ne wata gwaggonmu ta ce ai wanmu ma haka ya yi a nasa shayin, da ƙyar ya sha. Kowa cikin manya ya sani, ba wanda ya faɗa. Dangin uban kuma suka ce kwana ne ya ƙare, wasu ma suka fara cewa bakin uwar ne, don ta nuna ba ta so tun farko. Auren bai ƙara shekara ba. Na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda. Amma awa nawa yaron nan yana zubar da jini manya na zaune suna cewa da sauƙi?

Maman Ikram: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceto ne.

Hajiyar Sabon Gari: Allah ya ba ta dangana. Kuma ku duba, a ƙarshe uwar aka ɗora wa. Kullum haka ne.

Majo Mai Ritaya: Allah ya jiƙansa. A sanina na tsohon ma'aikacin jinya, abin da kika kwatanta, 'yar'uwa, ya yi kama da ciwon rashin daskarewar jini da ake gado. Ta wajen uwa yake biyowa, maza yake kamawa, shi ya sa kawun yaron ya yi irin haka. Tambaya ɗaya ce ke tsare wannan: cikin 'yan'uwan uwa maza akwai wanda jini ya ƙi tsaya wa a shayi, ko cire haƙori, ko ƙaramin yanka? In akwai, ba a sa aska sai an yi awo. Kuma jinin da ya jiƙa ɗauri ya ci gaba da fita duk da an danne, ba na jiran yamma ba ne.

Jikan Sarkin Aska: Ina yi mata ta'aziyya, amma kar a yi wa sana'armu kuɗin goro. Gidanmu gidan wanzanci ne, kakana ya yi wa rabin unguwarmu shayi, har da waɗanda yau suke sa farar riga suna zagin mu. Yanzu kowane yaro da sabuwar rezarsa, gaban uban ake ɓare ta. Kuma ni da idona na ga yaron da aka lalata a wani ɗakin magani, ɗalibi aka bar wa aikin, sai da aka sake kai shi tiyata. Wannan ba wanda ke kawo labarinsa.

Majo Mai Ritaya: Ban zagi kowa ba, na yi aiki da wanzamai masu hannu, wasu ma su ke turo mana yaro in sun ga abin ya fi ƙarfinsu. Sabuwar reza ta tsare ciwon hanta da ake ɗauka ta jini, madalla. Amma reza ba ta auna jini. Garin da ake barbaɗawa da tsumman da ba a dafa ba kuma, ta nan tetanos, ciwon sanƙarewar jiki, ke shiga.

Jikan Sarkin Aska: To kai wa ya yi maka naka, Majo?

Bazabarme: Ku tambayi Bagobiri, shi ne ya san aska. Mutumin da aka tsaga wa kumatu shida da bakwai yana jariri, amma ranar shayi sai da aka ciro shi daga cikin rumbu.

Ɗan Tibiri: Bawana, mu ko ƙiftawa ba ma yi. Ku ne ake lallashi da kopto, kwaɗon zogalenku, kafin ku zauna.

Hajiyar Sabon Gari: Ana maganar rasuwar yaro kuna wasan dangi. Ku ji tsoron Allah.

Ɗan Bagalam: Ni fa abin da nake gani, maganar shayi ta maza ce. Uba ya ce a bi tsohuwa, magana ta ƙare. Mace ta zo tana neman shawarar waje kan abin da miji ya yanke, wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Hajiyar Sabon Gari: Wa zai dafa ruwan wankin ciwo da asuba? Wa zai kwana zaune yana riƙe ƙafar yaro kar ya haɗa cinya cikin barci? Uban da ke Agadas? In aiki ya zo na mata ne, in shawara ce ta maza.

Malam na Limanci: Ku sassauta. Kaciya tana cikin abubuwa biyar na fiɗira da suka zo a hadisi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga namiji. Lokacin da malamanmu suka fi so shi ne daga shekara bakwai zuwa goma, sa'ad da ake fara umartar yaro da salla. Ke nan ɗan shekara shida bai makara da komai ba. Addini bai ce sai wanzami ba, bai ce sai likita ba, bai kuma ce sai da ɗari ba. Abin da ya ce shi ne ba cuta ba cutarwa. Bin iyaye wajibi ne, amma ana iya kai wa tsohuwa uzuri cikin ladabi, ta bakin wanda take jin nauyi.

Abu Huzaifa: Malam, me ya sa za a jira har bakwai? Mu a satin suna muke yi, jariri bai san an yi ba, ba taro ba kiɗa ba ɓarnar kaji. Duk wannan jeren yaran al'ada ce kawai.

Malam na Limanci: An ruwaito Imamu Malik bai so a yi ta ranar bakwai ba. Wasu malamai sun halatta, ban ce ka yi laifi ba. Amma yaran baiwar Allah nan sun wuce satin suna da shekaru, me maganarka za ta ƙara mata?

Abu Huzaifa: Za ta amfani na baya. Kuma hujja nake nema, ba “an ruwaito” ba.

Uwar Maza: Na gode duka, Allah shi saka. Yaya, labarinki ya sa ni kuka, na kira mahaifiyata na tambaye ta, ta ce ba a taɓa samun haka ba wajenmu. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar sikilar. Baba Majo, ko kana da abin cewa?

Majo Mai Ritaya: Ɗiyata, sikila daban take da ciwon da na faɗa, ita ba zubar jini ce matsalarta ba. Matsalar ita ce jininsa dama kaɗan ne, ɗan abin da zai zuba yana iya kai shi ƙasa, sannan sanyi da zafin ciwo da ƙishirwa su ne ke tada ta, kuma ga su duk a wuri ɗaya in aka zaunar da shi tsirara a bayan gida da sassafe. Ana yi wa masu sikila shayi lafiya lau, amma a asibitin da ke da ɗakin awo da jinin ƙari, bayan an duba yawan jininsa, a lokacin da yake cikin ƙoshin lafiya. Ki fara kai shi wurin likitan da ke bin sa, shi zai sa rana. Babban kuwa, in an yi a farkon hutu zai iya komawa aji, sai dai warkewa sarai tana kai wata guda.

Mai Adaidaita: Duk inda aka yi dai a hura musu garwashi a ɗaki da dare, a rufe ƙofa ruf. Ɗumi ke warkar da shi.

Majo Mai Ritaya: A'a! Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta wari, mutum na barci za ta tafi da shi. A ɗuma ɗakin a fitar da kaskon kafin a kwanta. Bargo da safa sun isa.

Maman Ikram: Gawayin ma wa ke da shi? Ƙullin da nake saye dala ashirin yanzu ko shayin safe ba ya dafawa. Itacen dala ɗari jiya ƙirare huɗu aka ba ni.

Bazabarme: Wane shayin, Madan, na kofi ko na Jikan Sarkin Aska?

Ɗan Tibiri: Dala ɗari huɗu? Wajenmu shida ne, ki aiko yaro.

Hajiyar Sabon Gari: Mu muna lissafin bargo da safa. Ku fito kafin kiran assalatu ku ga 'ya'yan mutane a kangon da ke bayan gidanmu. Sun fi ashirin, an kawo su daga ƙauye bayan girbi, buhu suke shimfiɗawa su lulluɓa da buhu. Robobi da tsohuwar taya suke ƙonawa su ji ɗumi, tari kamar ƙirjinsu zai fashe, ƙafafu duk kaushi har yana jini. Ƙaraminsu bai kai ɗan Uwar Maza ba. Da wane ruwa yake alwala? Uban da ya haifi wannan yana can ɗaki da bargonsa.

Malam na Limanci: Hajiya, zafinki gaskiya ne, amma kar a sauke shi kan malami shi kaɗai. Uba zai kawo yaro da riga ɗaya da allo, ko tiyar hatsi ba zai bari ba, ba zai sake waiwaya ba sai damina. Mu ma a nan muka yi karatun, amma a lokacin kowane gida yana da almajirinsa, da kwanonsa, da tsohon zanen rufarsa.

Ɗan Tibiri: Kuma ba duka ne almajirai ba. Tun 2019 da mutanen Sakkwato da Zamfara suka fara tsallakowa yankin Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, akwai yaran da ba malami gare su ba, gudun hijira ya kawo su.

Abu Huzaifa: Malamin da ba zai iya kwantar da yaro ashirin ba me ya sa ya karɓi ashirin? Ya ce a'a mana.

Malam na Limanci: Kai ka taɓa mayar da uban da ya zo maka da ɗansa yana cewa don Allah?

Hajiyar Sabon Gari: Ku ci gaba da gardamarku. Ni ina da tsofaffin barguna biyu da rigunan sanyin da suka yi wa yarana kaɗan. Mai Adaidaita, in za ka shigo Sabon Gari gobe da safe ka biyo ta wajen mutanen nan ka tattaro nasu, ni zan biya kuɗin mai.

Mai Adaidaita: Gobe ina da lodin Jiratawa, sai dai jibi. Bagalam kuma ba na shiga lungunsu da kaya, Ɗan Bagalam ya fito da nasa bakin kwalta.