Na so in koma jami'ar da ta bar ni a jerin jira

Salamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawara. Bara na nemi wata babbar jami'a a Amurka, suka sa ni a jerin masu jiran gurbi. Na kama gurbi a wata jami'ar kafin wa'adin karɓar gurbi na 1 ga Mayu, amma har Yuli ina duba imel, shiru kamar an shuka dusa. Yanzu GPA ɗina, wato matsakaicin makina, 3.8 ne, ina so in sake neman waccan ta farko ta Common App, wato shafin intanet na neman shiga jami'o'i, a matsayin mai canjin makaranta. In ambaci zaman jiran nan a rubutuna na neman shiga, ko in ja bakina? Ga kuma batun wasiƙar shaida daga malami: ajin lissafinmu mu 200 ne, malamin ko fuskata bai sani ba, ta ina zan fara? Baba dai cewa yake in zauna inda Allah ya ajiye ni.