Me za mu kira "stimulant" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan zaburau

1/ Jama'a, kalma nake nema, kuma larura ce ta sa. Watan jiya na raka Yayata wani asibiti a nan Jos da ɗanta mai shekara tara. Yaron ba ya iya zaman minti biyar a aji, malamai sun gaji da kiran ta. Bayan doguwar tattaunawa likita ya ce ADHD ne, wato larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, kuma akwai magani, Ritalin, daga rukunin da ake kira stimulant. Yaya ta juyo ta ce, "Kai, me ya ce?" Na ce, "Yaya, maganin ƙara kuzari ne." Sai ta ɗauki jakarta ta miƙe. "Yaron da ya hana mu sakat shi za a ƙara wa kuzari?" Har yau abin yana damu na, domin fassarata ce ta fitar da ita daga ɗakin.

2/ "Ƙara kuzari" ya riga ya zama na lemon gwangwanin da direbobi ke sha a tashar Bauchi Road. "Maganin ƙarfi" kuwa kowa ya san inda hankali ke tafiya. Mafi muni ita ce "ƙwaya". Da ka furta ta, uwa ta hango 'yan NDLEA, ta haɗa maganin da Tramadol da kodin, alhali waɗannan magungunan kashe zafin ciwo ne, danginsu daban.

3/ Abin mamaki, mun fi kowa sanin wannan rukuni, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Goron da Baba ke ɓarawa bayan Azahar, shayin da ake kurɓa da asuba cikin sanyin Jos, duk kafeyin ne a ciki. Wannan kafeyin ɗin dai likitoci ke ba jariri bakwaini idan numfashinsa na ɗaukewa. Masu ƙarfin rukunin, irin su amfetamin da Ritalin, suna ƙara yawan dofamin da noradirenalin, sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su.

4/ Wata ma'aikaciyar jinya ta ba ni "hana-barci". Na so kalmar, tana da daɗin faɗa, kuma ta dace da masu larurar nan da barci ke sace su suna cikin magana ko tuƙi (ba ciwon barci na ƙudan tsando ba, wannan daban ne). Su ana ba su irin waɗannan magunguna don su iya yini a farke. Amma ga yaro mai ADHD, hana barci illa ce, ba ita ake nema ba. Ba zan raɗa wa magani sunan illarsa ba.

5/ Shawarata: maganin zaburar da ƙwaƙwalwa, a taƙaice zaburau, kamar yadda muke cewa mantau da makarau. Ku tuna mahayi da dokinsa. Yaro mai ADHD dokinsa lafiya lau yake, har ya yi yawa, mahayin ne ke gyangyaɗi linzami ya saki. Maganin mahayin yake zaburarwa ya riƙe linzami, shi ya sa yaron ke natsuwa maimakon ya ƙara tsalle. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura da haka lokacin da ya ba yara Benzedrine, wani nau'in amfetamin, ya ga karatunsu ya gyaru. Da wannan misalin na samu Yaya ta sake zama ta saurare ni, muna tsakar gida tana tsintar shinkafa.

6/ Kuma kalmar ba ta ɓoye haɗari, wannan ne ya fi ja na gare ta. Wanda aka zaburar zuciyarsa bugawa take da sauri, jini na iya hawa, baki ya bushe, abinci ya fita daga rai, barci ya ƙaurace. Shi ya sa aka fi ba da shi da safe, ake auna nauyin yaro da tsayinsa da jininsa lokaci-lokaci, likita kuma ya tambaya ko akwai ciwon zuciya a dangi. Wanda ya sha ba bisa ƙa'ida ba, don ya kwana karatu ko ya kai mota Legas ba tsayawa, jiki na sabawa ya nemi ƙari, daga nan sai fargaba da zargin ana bin sa. Ice ɗin da ke lalata matasa, wato metamfetamin, shi ma ɗan wannan rukunin ne.

7/ Wani malamin Hausa ya ce min zaburau ya fi kama da mai zabura, ba mai zaburarwa ba. Yana da hujja, kuma idan akwai sunan da ya fi zaburau ina saurare, musamman daga masu haɗa magunguna da ke magana da iyaye kullum. Ranar Talata mun koma asibitin. Kafin in buɗe baki Yaya ta riga ni: "Likita, wannan zaburau ɗin, idan ya hana shi cin abinci yaya zan yi?" Likitan ya ce a fara ba shi karin kumallo ya ƙoshi kafin ya sha, sannan a dawo da shi awo.