Leaf ko Kona: wacce ta fi dacewa da mai tuƙi da hannu?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Shan-inna ta taɓa min ƙafafu tun ina ƙarami, don haka totur da birki duk da hannu nake sarrafa su, da sandar da aka haɗa min a gefen sitiyari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zirga-zirgar Gwarimpa zuwa Garki a nan Abuja ke cinye min albashi, shi ya sa nake son komawa motar lantarki. Na ga biyu na hannu a wurin dillali: Nissan Leaf ta 2018 da Hyundai Kona. Leaf ta fi araha nesa ba kusa ba.

Nisan da caji ɗaya zai kai ni bai dame ni ba, ba na wuce cikin gari. Abin da ke gabana shi ne yadda zan taso daga keke in zauna a kujera, sannan in naɗe keken in saka shi ni kaɗai. Na tambayi dillalin, shi kuwa sai yabon girman allo yake ta yi min.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi maganar kuɗi, leƙa ƙasan sitiyarin Leaf ɗin ta hagu. Wasunsu hambirkinsu da ƙafa ake taka shi, masu tsadar ne ke da maɓalli. In mai ƙafa ce, magana ta ƙare. Kona kuwa hambirki da giya duk maɓalli ne. Sannan batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi kamar na Kona, zafinmu na Maris da Afrilu na rage masa kwana. Ka sa a nuna maka layukan lafiyar batir, 12 ne in yana garau.

Maman Ilham:
Yayana, ni ma a keke nake, kuma ban ga an yi wa Leaf adalci ba. But ɗinta lita 435 ne, na Kona 332, kuma keke ba ya shiga da lallashi. Leaf tana da e-Pedal: kana sakin totur za ta rage gudu har ta tsaya cak ta riƙe kanta. A cunkoson Nyanya wannan hutu ne ga kafaɗar mai danna sanda. Kona ma tana tsayawa in ka riƙe maɓallin bayan sitiyari na hagu, to amma da wane hannun? Ɗaya na kan sanda, ɗaya na kan sitiyari.

Kujerar Kona ta fi tudu. Mai dogara sanda zai ji daɗinta, mai ɗago jiki da ƙarfin damtse kuwa wahala ce. Ka je da kekenka, ka shiga ka fita a gabansu, kada ka ji nauyin kowa.

Oga Bakanike:
Hajiya, gaskiyarki kan but. Ƙari ɗaya: in Konar ta 2018 zuwa 2020 ce, a bincika ko an canza mata batir, don kamfanin ya janye dubbai a 2021 saboda haɗarin gobara. Dukansu a goshi ake saka musu caji, sai ka bar filin da keke zai juya a gaban motar.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Na sa ɗana ya leƙa, Leaf ɗin mai ƙafa ce. Dillalin ya ce zai nemo mai maɓalli, zan jira in gwada su tare. Oga, sandar da ke jikin Corolla ta za ta zauna a kowace, ko sai an ƙera sabuwa?