Kwashe dabbobi kafin a fara aiki ya wadatar, ko sai da mai sa ido?

Injiniya: Ga inda na tsaya. Idan za a yi hanya ko a shimfiɗa bututu a wurin da dabbar da ke dab da ƙarewa take zaune, a kira masana kafin katafila ta iso, su kwashe su zuwa wani daji, a kewaye filin da shinge. Shi ke nan. Ajiye masanin dabbobi mai sa ido kullum har a gama aiki ɓarnar kuɗi ce da jawo jinkiri.

Dakta: Injiniya, a ina aka taɓa kwashe su duka? Ɗauki kunkurun hamadar Mojave a Amurka. Yawancin rayuwarsa a cikin rami yake yi, ƙananan kuwa ko ka taka kusa da su ba lalle ka gan su ba. Shi ya sa a aikin tashar wutar sola ta Ivanpah a Kalifoniya, waɗanda aka tarar suka zarce ƙiyasin farko nesa ba kusa ba, har hukuma ta tsayar da wani ɓangare na aikin a 2011. Kwashewar ma ba tsira ba ce. A 2008 an mayar da ɗaruruwansu wani wuri daga yankin sansanin soja na Fort Irwin, da yawa suka mutu, galibi a bakin karnukan daji, aka dakatar da shirin. Kunkuru ya san raminsa, in ka kai shi baƙon wuri sai ya kama hanyar gida, ya yi ta yawo a sarari. In ya tsorata a hannu yana iya sakin ruwan da ya tara a mafitsara, wanda da shi yake cin rani. Ga ciwon numfashi da mara lafiya zai kai wa na can.

Injiniya: To ai shinge na nan, Dakta. Wanda aka fitar ba zai dawo ba.

Hajiya: Shinge ba ya gadin kansa. Na kunkuru ragar waya ce mai ido inci 1 da inci 2, a binne inci 12 a ƙasa, a bar inci 22 zuwa 24 a sama. Ruwan sama ɗaya ya isa ya zaizaye gindinsa a inda ya ratsa kwari, direban tifa ɗaya ya isa ya bar ƙofa a buɗe. Dole a zaga shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Akwai kuma abin da ba a cika kawowa a rai ba: wanda aka fitar yakan bi jikin shingen yana kai da kawowa yana neman mashiga, har zafin rana ya kashe shi. Sai an kafa masa 'yan rumfunan inuwa a gefe, kuma sai wani ya je ya duba.

Cikin filin ma haka ne. Ramin bututu da ya kwana a buɗe tarko ne, don haka ko a rufe shi ko a yi masa gangara marar tsini da dabba za ta hau ta fita, a leƙa shi da sassafe, a sake leƙawa kafin a mayar da ƙasa. A toshe bakin bututun da ke jibge. A duba ƙarƙashin mota kafin a tayar, domin inuwa suke bi. A rufe shara, don ragowar abinci ke kiran hankaki, hankaki kuma ke cin ƙananan.

Injiniya: Duk wannan kafaman, wato shugaban ma'aikatan filin, zai iya in an koya masa kwana biyu, Hajiya. Sannan ku gaya mini, me sa ido ya tsinana wa kwaɗon Kihansi a Tanzaniya? An girke masana, an kafa bututan feshin ruwa, amma a 2009 aka ce ya ƙare a daji.

Dakta: Wannan hujja tamu ce, ba taka ba. Kwaɗon nan a cikin feshin ruwan da ke faɗowa daga dutse kaɗai yake rayuwa, kuma sai a 1996 aka gano shi, aikin madatsar ruwa don samar da wuta a kogin Kihansi ya riga ya kankama. Da aka karkatar da ruwan zuwa injinan wuta, feshin ya kusa ɗaukewa, daga baya cutar fata ta ƙarasa su. Binciken ne ya makara. Masu sa idon su suka sa aka kwashi wasu zuwa gidajen namun daji a Amurka, daga irinsu aka fara mayarwa a 2012.

Barista: Batun kafaman shi ne inda nake rabuwa da kai, yallabai. Wanda ake bin sa bashin mita nawa aka haƙa yau ba zai tsayar da inji saboda kunkuru ba. Ma'auni na 6 na hukumar IFC (reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni rance), wanda bankuna da yawa ke ɗora wa mai neman rance, ya jera abin bi da bi: a kauce wa wurin, in ya gagara a rage ɓarna, sannan a gyara, a ƙarshe a biya diyya da wani wuri. Kwashewa ba ita ce ta fari ba. Amma ina ba ka gaskiya a abu guda. Mai sa idon da ɗan kwangila ke biya, wanda ba shi da ikon cewa a tsaya, takarda kawai yake cikawa, kuɗinsa asara ne.

Injiniya: In haka ne a rubuta iyakar ikon. Ba zan yarda a rufe kilomita goma don an ga ƙwai a wuri guda ba.

Hajiya: Ba a rufe duka. A kwangila ake rubuta tazarar da za a killace ga kowace irin dabba, da wanda za a kira, da awa nawa zai ɗauka ya iso. Sauran filin aiki na ci gaba. Kuma in an sa share daji a wajen lokacin ƙwai tun a jadawali, rabin tsayuwar nan ba za ta taso ba.

Injiniya: Wannan na karɓa. Amma bayan an gama haƙa an rufe ramuka, ziyara sau ɗaya a mako ta isa, ban ga dalilin kullum ba.