Yadda ake gane laikin da ke fitowa a jikin itace

Ga abin da aka tattaro daga hirar masu nazarin tsirrai a Zariya kan ɗan tabon nan mai ruwan toka da ke manne a ɓawon mangwaro ko tsohon gungume, wanda ake kira laikin.

Kowa ya yarda cewa ba cuta ba ce, kuma ba ya shan ruwan bishiya. Laikin halittu biyu ne a jiki ɗaya: naman gwari da gansakuka, ɗaya na ba da mazauni, ɗayar na haɗa abinci daga hasken rana.

Ido kaɗai ba ya isa. A nemi madubin ƙara girma mai ninki 10, a duba ko laikin ya shafe kamar fenti ne ko yana da 'yan ganyayyaki, sannan a lura da launin ƙananan fayafayan da ke kansa. Wasu suka ce a ɗiga ruwan bilic. In wurin ya yi ja, an rage zato sosai kan wane irin laikin ne. A ganina wannan ce shawara mafi amfani.

Da damina ya fi kyau a fita nema, don hunturu na busar da shi. Ya fi yawa inda akwai laima da iska mai tsabta, shi ya sa bakin titin Sabon Gari ba wurin nemansa ba ne.

A yanko shi da ɗan ɓawonsa, a sa a ambulan, ban da leda, a rubuta wuri da sunan bishiyar, a kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.