Wai ihu ne tena ke yi in ya hau sama?

Malam Bitrus: Jama'a, abin nan ya isa haka. Yaro bai yi wata shida da fara koyon waƙa ba, ko sarrafa numfashi bai iya ba, sai malaminsa ya ɗora masa Nessun dorma, waƙar opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa) mai wahala, don a burge mutane a bikin ƙarshen shekara. Tun da muryar Pavarotti, shahararren mawaƙin Italiya, ta kai waƙar nan ko'ina lokacin gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, kowane tena, wato mawaƙi namiji mai muryar sama, ita yake mafarki. Puccini ya rubuta ta ne don muryar da ta ƙosa, mai iya kai B4 (harafi da lamba suna ne na matakin sauti, wannan can sama yake) a kan kiɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, gaba ɗaya. Yaranmu kuwa tun daga F4, da ke ƙasa da shi, wuya ya fara ɗaurewa, haɓa ta miƙe sama, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, sauran duk ihu ne. Ga littafin koyon waƙa na Vaccai nan tun shekarun 1830, darasi 15, yana hawa da ɗalibi daki-daki. Me ya hana a fara da shi? Wanda ya ji haushi, da shi nake.

Ɗanjuma: Malam, ihu fa ka ce? Kai ma? Wannan ai maganar waɗanda ba su san opera ba ce. Duk wanda ya cika zaure ba makirufo, sai a ce ihu yake yi.

Malama Rifkatu: Ihu da ƙarfin murya hanyarsu ba ɗaya ba ce. Mai ihu yana matse tantanin murya, ya turo iska da tsiya, zakaran wuya ya haura. Mawaƙin opera zakaran wuyansa a ƙasa yake zaune, maƙogwaro a buɗe yadda yake a farkon hamma, hanɗa a ɗage. Wannan tsari shi ke haifar da wani amo na musamman wajen hertz 3,000, wato sautin da ke kaɗawa sau 3,000 a daƙiƙa. Ƙarfin okestira yawancinsa yana wajen 500 ne, daga nan ya yi ta raguwa, don haka muryar take ratsawa ta sama, inda makaɗa suka bar fili. Johan Sundberg na Suwidin ya auna wannan a shekarun 1970. Ba fin makaɗa 80 ƙarfi mawaƙi ke yi ba, babu mahalukin da zai iya.

Istifanus: To amma a bar ɓoye tarihi. Kafin Duprez, mawaƙin Faransa, tena da murya mara nauyi suke hawa sama, su haɗa da muryar kai. Shi ne ya rera C5, sautin da ke sama da B4, da muryar ƙirji a operar Guillaume Tell a Faris a 1837, jama'a suka haukace. An ruwaito cewa Rossini, wanda ya rubuta operar, ya kwatanta sautin da kukan zakaran da ake yankawa. In Rossini ya faɗi haka, mene ne laifin Malam Bitrus?

Ɗanjuma: Rossini tsohon yayi yake karewa. Kuma ka san da haka.

Istifanus: Kai da Rossini wa ya fi kunne?

Ɗanjuma: Ba kunne ake magana ba, dabara ake magana. Tena yana da mashiga tsakanin D4 da G4, wadda Italiyawa ke kira passaggio. In ya shigo ta da nauyin da ya ɗauko daga ƙasa, da wasalin "a" a buɗe warwar, dole a F#4 murya ta tsage ko ta shaƙe. Abin yi shi ne daga D4 a fara rage nauyi, a karkata "a" kaɗan zuwa "o", "i" kuma a sassauta ta, harshe na kwance, bakinsa na taɓa bayan haƙoran ƙasa. A gwada da sauti biyar hawa da sauka a kan "u", a hankali, ana ƙara rabin mataki. Wanda ya rufe murya haka ba ya ihu ko ya kai C5.

Istifanus: Rufewar nan taku ita ke sa ɗalibai su danne zakaran wuya da tushen harshe, murya ta koma ciki, kalmomi su narke. Ka sa yatsa a ƙarƙashin haɓarsu suna waƙa. In wurin ya yi tauri, harshe ne ke aikin da ba nasa ba.

Hannatu: Kullum zancen gidan nan tena, tena. Amon 3,000 da Malama ta kawo ai na maza ne galibi. Sofurano, wato mawaƙiya mai muryar sama, in ta yi sama sosai muƙamuƙi take saukewa, ta buɗe baki har kogon bakin ya dace da sautin da take rerawa. Shi ya sa a can sama ba a bambance "i" da "a" sosai. Sai malami ya tsaya yana ce wa yarinya ta fito da kalma tar a B5, ta ƙi buɗe baki don ta yi masa biyayya, muryar ta tsuke. Wannan ma wa zai kira shi ihu?

Yakubu: Duk kun bar tushe. Numfashi ne. A ja iska ƙasa, a tura ciki waje, a riƙe shi da ƙarfi har ƙarshen jimla, yadda wasu malaman Jamus suka koyar. Masu rera operar Bajamushe Wagner awa huɗu a dandali ba da wasa suke yi ba.

Malama Rifkatu: Ɗan'uwa, tura ciki waje yana jawo ƙirji ya faɗa, kuma matsin da aka tara a ƙasa a maƙogwaro yake ƙarewa. Naman nan da ya raba ƙirji da ciki aikinsa jan iska ne, in ana fitar da ita sakewa yake yi. Tsarin Italiya, appoggio, shi ne ƙashin ƙirji ya tsaya a ɗage ba tare da ɗaga kafaɗa ba, haƙarƙarin ƙasa su buɗe gefe da baya, a jinkirta rufuwarsu. Ɗalibi ya sa hannu a haƙarƙari, ya ja iska shiru, ya saki "sss" daidai wa daida na daƙiƙa 20, a bi da shi har 30. In sautin yana rawa ko haƙarƙari sun rufta tun farko, ba a kai ga waƙa ba tukuna.

Yakubu: Kowa dai da malaminsa. Ku in ba Italiya ba, ba waƙa.

Malama Rifkatu: Kawo hujja, ba gori ba.

Malam Bitrus: Jama'a, ni kan waƙar da ake ba sabon ɗalibi na yi magana fa.

Baba Ayuba: 'Ya'yana, ku yi haƙuri da juna. Hunturu ya shigo, ƙura ta yi yawa. Zuma da citta da kanumfari a ruwan ɗumi kafin a fara, ko ihun ne ba zai yi lahani ba.

Hannatu: Baba, a gafarce ni. Abin da aka haɗiye ba ya taɓa tantanin murya, akwai murfin da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya, in ba haka ba sai a ƙware. Zuma tana sanyaya maƙoshi, iyakarta ke nan. Abin da ke kaiwa can shi ne sirace da ruwan zafi zalla, sai shan ruwa tun sa'o'i kafin waƙa. Sabon ɗalibi kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a zama ɗaya, gara ya yi sau biyu ko uku a yini. Ya fara da kaɗa leɓɓa ko rera sauti ta cikin siririn tsinken shan lemo na minti biyar. Mai matsa murya kullum, kanta ce ke fitowa a tantanin biyu, daidai inda suka fi bugun juna. Dishewar da ta wuce mako uku, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa.

Baba Ayuba: Yarinya, kafin a haife ki ake shan zuma.

Ɗanjuma: Hannatu, ki janye. Ba a yi wa Baba haka a gaban mutane.

Hannatu: Na ce a gafarce ni tun farko. Me zan janye, murfin maƙogwaro?

Malam Ishaya, mai kula da zaure: To, ya isa. Ga abin da aka cimma. An tabbatar cewa waƙar opera ba ihu ba ce, Malama Rifkatu ta kawo hujjar kimiyya wadda ba wanda ya iya karyawa, saboda haka ya kamata Malam Bitrus ya janye kalmar. Kan numfashi, kusan kowa ya yarda tsarin Italiya shi ne daidai, kuma dama can shi muke koyarwa. Labarin Rossini ji-ta-ji-ta ne, ba a gina hukunci a kansa. Zuma kuwa abu ce da aka saba sha, Baba ya ci gaba da ba mu shawara, matasa kuma a riƙa tauna magana. An rufe.

Yakubu: "Kusan kowa" su wa? Mutum biyu ne suka yi maganar numfashi, ni da Malama Rifkatu.