Ɗana ya koma Free Fire, wai ko ya yi karatu faɗuwa zai yi

Maman Abba, Agege:
Assalamu alaikum. Ɗana yana SS2, shekararsa 16. Tun da babansa ya bar masa tsohuwar wayarsa ba mu sake gane kansa ba, kullum sai Free Fire, wasan harbe-harben nan na waya. Kuɗin motar makaranta data yake saya da su, ya taka da ƙafa. In an ɗauke wuta yana can gindin mai caji a bakin tasha. Abin da ya fi ci mini rai, in na ce ya ɗauko littafin lissafi sai ya ce, "Mama, kaina ba ya ja, ko na karanta faɗuwa zan yi." Yaron da har kyauta yake karɓowa a firamare! Ga WAEC baɗi. In ƙwace wayar ne, ko yaya?

Baban Hafsat, Mile 12:
Ƙwace ta, Hajiya. Nawa kasuwa na ja shi, yana sauke kwandon tumatir tun asuba. Ya dawo ko wayar ba ya nema, sai barci.

Malamin Lissafi, Idi-Araba:
Alhaji, barcin ya samu, amma lissafin fa? Hajiya, maganar da yaron ya faɗa ta fi wayar damuna. A 1967 masana halayyar ɗan Adam Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka a Amurka. Waɗanda aka yi ta jona wa lantarki ba hanyar tsira, da aka kai su inda ɗan shinge kawai za su tsallake, sai yawancinsu suka kwanta suna kuka. Sun riga sun sa wa ransu ƙoƙari ba ya amfani. Yaron da ya sha jan biro a aji haka yake zama. Wasan kuwa nan take yake biyansa: ya harba, ya ci, a rubuta masa Booyah, wato ya yi nasara, abokai su yaba. Makaranta sai ƙarshen zango, shi ma da zagi.
Ki nemo masa littafin JSS2, ba na SS2 ba, don galibi a can zaren ya tsinke. Tambaya biyar kullum bayan magariba, ya duba amsa da kansa. In ya ce kansa ba ya ja, ki ce ya nuna miki layin da ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma sai in ta danne karatu da barci da mu'amala, yawanci tsawon wata 12. In ya kai haka, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba.

Ɗan Obalende:
Mama, ni ma na yi wannan rayuwar. In kika ƙwace, ta aboki zai ara, don 'yan tawagarsa ba za su bar shi ba. Dare ne matsalar, lokacin data ke araha. Daga isha'i wayar ta kwana a ɗakinki.

Maman Abba, Agege:
Na gode, Allah ya saka. Malam, ni fa lissafin nan ban iya ba. Yayarsa da ta gama SS3 za ta iya zama da shi, ko zai ji kunya?